Maganin Feshi da Ruwan Kududdufi a Ƙasar Gumel

Yau ƙasar Lautai za mu leƙa, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma zancen namu na ruwan kududdufi ne da abin da ake zuba masa.

Duk wanda ya san wannan yanki ya san babu wani babban kogi da ke ratsa shi yana gudana rani da damina. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi. Ruwan sama yakan sauka wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, wanda yashi bai shanye ba ya gangara ya taru a tafkuna, da kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, da ramukan da masu aikin hanya suka bari. A nan shanu ke sha, a nan ake kwaɓa ƙasar bulo, yara su yi wanka, a yi wanki. Garken da ke gangarowa daga Dungas da Magarya zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da irin wannan ruwa yake kashe ƙishi a hanya. Kogi yakan tafi da abin da aka zuba masa. Kududdufi kuwa ba shi da mafita. Abin da ya shiga cikinsa a watan Agusta yana nan, sai fa wanda rana ta ƙone ko laka ta riƙe, kuma kullum ruwan raguwa yake yi.

To, a 'yan shekarun nan noma ya koma na feshi. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, matasa ba sa son duƙawa da fartanya, don haka maganin ciyawa ya karɓi aikin noman farko a gonaki da yawa. Wake kuwa kowane manomi ya san in ba a fesa masa maganin ƙwari ba lokacin fure, sai dai a tashi da harawa. Ba na cikin masu cewa a daina feshi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a gonar wake ya ga tsutsa ta cinye masa wahalar shekara ba. Tambayata ita ce: a ina mai feshi yake ɗibar ruwan da yake haɗa magani, kuma a ina yake wanke famfonsa in ya gama? Amsar kowa ya san ta. Kududdufi mafi kusa da gona.

In ka yi wa mai feshi magana, amsar da zai ba ka guda ce: "Haba Malam, shekara nawa muna wankewa a nan, ba mu taɓa ganin kifi ya mutu ba, ba mu ga saniya ta faɗi ba." Gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da idonsa ya gani. Sai dai ma'aunin da ya ɗauka, wato ganin gawa, shi ne ma'aunin da masana suka daɗe da gane cewa bai isa ba.

Dattawanmu ba su manta da kurkunu ba. A ƙidayar da aka yi a 1988 an samu masu fama da shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Da ma'aikatan lafiya suka shigo ƙauyuka, abin da suka fara koya wa mutane shi ne cewa a cikin ruwan tafki akwai wata mitsitsiyar halitta da ido ba ya gani sosai, ita ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka riƙa zuba maganin Abate a tafkuna da awo, bayan an auna yawan ruwan. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya an same shi a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Ashe tun wancan lokaci mun san ruwan kududdufi cike yake da rai. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, wannan mai ɗauke da kurkunu ɗaya ce cikin halittu masu yawa, kuma galibinsu aiki suke yi mana. Wasu suna tace gansakuka da ƙwayoyin datti, su hana ruwa yin kore ya yi wari. Su ne abincin 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa a tafkunan da ke da kifi. Tsutsar mazari da wasu ƙwarin ruwa farautar tsutsar sauro suke yi. Zalɓe da sauran tsuntsayen da ke sauka bakin ruwa, abin da ya ci waɗannan halittu suke ci.

Saboda haka ne, kafin a yi wa maganin feshi rajista a ƙasashe da yawa, sai an gwada shi a kan irin waɗannan ƙananan halittu marasa ƙashin baya. Wadda aka fi amfani da ita sunanta Dafniya. Babbarta ba ta fi ƙwayar riɗi da yawa ba, jikinta garau yake, har ana hango ƙwai a bayanta da madubin ƙara girma. Gwaji iri biyu ake yi mata, kuma bambancinsu shi ne tushen sharhinmu na yau.

Na farko gajere ne, na awa 48. A zuba jariran Dafniya cikin ruwa mai magani, ƙarfi daban-daban, bayan kwana biyu a ƙirga nawa suka daina motsi. Wannan shi ne ɗan'uwan ma'aunin mai feshi: an mutu ko ba a mutu ba.

Na biyu shi ne na dogon zango, kwana 21, wanda ƙungiyar OECD ta tsara a ƙa'idarta mai lamba 211. Ga yadda yake. Ana ɗauko jariran da ba su cika awa 24 da haihuwa ba. Kowace ɗaya a ba ta ɗan kofin gilashi nata ita kaɗai. Ana shirya ruwan magani aƙalla kashi biyar, daga mai ɗan ƙarfi zuwa wanda aka tsinka ƙwarai, kowane kashi da Dafniya goma, sannan a ware wasu goma a ruwa mai tsabta don a samu abin kwatantawa. Ana ciyar da su gansakuka, ana sauya musu ruwa aƙalla sau uku a mako, ana ba su hasken awa 16 a yini, zafin ruwan kuma tsakanin digiri 18 da 22. Wajen kwana takwas zuwa goma sai su fara haihuwa, ba tare da namiji ba, daga nan kuma duk bayan kamar kwana uku su sake zuba 'ya'ya. Aikin mai gwaji shi ne ya riƙa kwashe jariran yana ƙirgawa har ranar ƙarshe. Ƙa'idar tana da tsauri: in na ruwa mai tsabta ba su kai matsakaicin 'ya'ya 60 kowace uwa ba, ko fiye da kashi 20 cikin ɗari na iyayen suka mutu, gwajin ya lalace, sai a sake. A ƙarshe ana neman adadin maganin da bai rage haihuwa ba, da adadin da ya fara rage ta. Daga nan hukumomi ke ƙara raba adadin, a Turai yawanci gida goma, don a bar wa sauran halittun da ba a gwada ba tazara.

Abin da wannan gwaji ya sha nunawa shi ne, adadin maganin da ba ya kashe ko ɗaya cikin kwana biyu yana iya hana haihuwa, ko ya jinkirta ta, ko ya tsumburar da uwar. Makiyayi zai fi kowa gane wannan. Garken da babu saniyar da ta mutu a cikinsa amma babu wadda ta haihu, ba wanda zai ce lafiya yake, ko da kuwa kowace tana tsaye tana kiwo. A wurin saniya sai an yi shekaru kafin a gane. A wurin halittar da ke balaga cikin kwana goma, a ruwan da zai ƙafe bayan wata uku ko huɗu, damina ɗaya ta isa.

An ga haka a Japan. A 1993 manoman shinkafa da ke kewaye da tafkin Shinji suka fara amfani da wani sabon maganin ƙwari, dangin imidakulofirid. Ba a ga kifi yana yawo a saman ruwa matacce ba. Amma ƙananan halittun da kifi ke ci suka ragu ƙwarai, kuma kamun wani ƙaramin kifi da masunta ke samu ya faɗo daga kusan tan 240 a shekara zuwa tan 22. Sai a 2019 Masumi Yamamuro da abokan aikinta suka wallafa binciken da ya danganta abubuwan biyu. Akwai kuma wani darasi a ciki mai ɗaci. Ita Dafniyar da ake gwaji da ita tana da juriya ga wannan dangin magani fiye da tsutsotsin ƙwarin ruwa, nesa ba kusa ba. Wato magani na iya cin jarrabawa a kan halitta ɗaya, ya je ya yi ɓarna a kan wata. Shi ya sa ake da wasu gwaje-gwajen, na tsutsar da ke zama cikin laka mai ɗaukar kwana 28, da na dodon koɗin ruwa.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana Sanagal. Bayan farmakin fari na ƙarshen shekarun 1980, lokacin da jirage suka yi ta feshi a faɗin Sahel, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Sanagal suka kafa wani shiri mai suna Locustox, da tallafin ƙasar Holan, don a gano abin da maganin fara ke yi wa sauran halittu. Wani masani ɗan Holan, Joost Lahr, da abokan aikinsa 'yan Sanagal suka zaɓi tafkunan damina a yankin Nioro du Rip, irin namu sak, masu cika a damina su ƙafe da rani. Suka fesa wa wasu magani gwargwadon yadda ake fesa wa fara, suka bar wasu, suka riƙa bibiya mako bayan mako. Magani huɗu suka gwada, kowanne da irin ta'adinsa. Fenitirotiyon da deltametirin sun karkashe wani ƙwaron ruwa mai iyo a rigingine, wanda ke cikin masu cin tsutsar sauro. Amma shi yana da fiffike, ba a jima ba wasu suka taso daga tafkunan da ba a fesa ba suka maye gurbi. 'Yan'uwan Dafniya suka ɗauki makonni kafin su farfaɗo. Wanda ya fi shan wuya shi ne wani ɗan mitsitsin jatan lande na tafki. Shi ƙwansa yana kwanciya cikin busasshiyar laka duk tsawon rani, sai ruwan farko ya sauka ya ƙyanƙyashe. Da deltametirin da difulubenzuron suka kashe na wannan shekarar, ba a sake ganinsa ba sai damina ta zagayo.

Abu biyu nake so mu ɗauka daga nan. Na ɗaya, masu binciken ba su tsaya ga Dafniyar Turai ba. Sun ɗauki wannan jatan lande da wancan ƙwaro mai iyo a rigingine, halittun Sahel, suka tsara gwajin ɗakin bincike da su. Na biyu, feshi sau ɗaya aka yi wa waɗancan tafkuna, kuma ƙwarin da suka dawo, daga tafki mai lafiya suka zo. A wurinmu ba sau ɗaya ba ne. Daga shuka zuwa furen wake, famfo bayan famfo ake wankewa, kuma kusan kowane kududdufi da nasa masu feshi. In duk sun sha, daga ina masu maye gurbin za su taso?

Bari mu yi ɗan lissafi, don kada a ce ana kambama abu. Akwai maganin wake mai sinadarin lamda-sayhalotirin, wanda ake rubuta lamba 2.5 a jikin kwalbarsa. Ma'anar lambar, giram 25 na guba a kowace lita. Mililita 10 na wannan magani, wato abin da bai fi cikin murfi ba, yana ɗauke da rubu'in giram. A gwajin awa 48, kusan rubu'in maikirogiram a lita ɗaya ya isa ya tsayar da rabin Dafniya, shi kuwa maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Ke nan murfi guda ya isa ya kai lita miliyan ɗaya wannan matsayi. Lita miliyan ɗaya kuwa shi ne kududdufi mai tsawon mita 40, faɗin mita 25, zurfin mita ɗaya. Wannan fa na gajeren gwaji ne. Adadin da ke taɓa haihuwa ya yi ƙasa da haka sosai. Don a yi adalci, ruwanmu mai laka ne, kuma wannan dangin magani yana manne wa laka, saboda haka ƙarfinsa a cikin ruwa yakan ragu da sauri. Sai dai lakar ita ce gidan tsutsotsi, kuma a nan ƙwayayen baɗi suke kwanciya.

Makiyaya ma da nasu rabon. Allurar ibamektin da ake yi wa dabbobi don tsutsar ciki da ƙwarin fata, mafi yawanta da kashi take fita, da sauran ƙarfinta. Masu bincike a Faransa sun nuna a 2007 cewa 'yan nanogiram kaɗan a lita, wato kashi cikin biliyan na giram, suna kashe Dafniya, abin da bai kai haka ba kuma yana rage mata haihuwa. Ba wanda zai ce a bar dabba da tsutsa. Amma wadda aka yi wa allura a wannan mako bai kamata ta yini tsaye cikin tafki ba, kuma ruwan wankin kaska ba bakin mashaya ake zubar da shi ba.

Hukumomi fa? NAFDAC ce ke yi wa maganin feshi rajista a Nijeriya, kuma ta sanar da haramta farakwat daga farkon 2024 da atirazin daga farkon 2025. A Nijar da maƙwabtanta na Sahel kwamiti ɗaya ne na ƙungiyar CILSS ke wannan aiki. Kaya kuwa a Maigatari ta kowane ɓangare suke tsallakawa. Na lura ba mu cika motsawa ba sai magani ya kashe mutum ko ya rufe mana kasuwa, kamar yadda Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015 saboda ragowar dikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Kududdufi ba shi da mai kai ƙara. A jikin kwalabe da yawa akwai ɗan hoton kifi, alamar kada a kusanci ruwa da maganin. Amma bayanin da Turanci yake ko Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, kuma manomin da ya sayi na awo a tsohuwar robar lemo ko hoton bai gani ba.

Ga kuma manyan gonaki na tafe. An sha taƙaddama a kan filayen gonar rake ta kamfanin Lee a Gagarawa, kuma duk zancen a kan diyya da gonaki ya tsaya, wanda haƙƙi ne. Amma dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 tana nan, kuma ba a iya cewa aiki ya ɓata ruwa ko bai ɓata ba sai an san abin da ke cikin ruwan kafin a fara. Wannan ƙidaya ce da ya kamata a yi wa tafkunan yankin tun yanzu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gwajin nan ba tsada gare shi ba, in aka kwatanta da sauran binciken kimiyya. Kofunan gilashi ne, da gansakuka, da madubin ƙara girma, da ɗalibi mai haƙurin ƙirga na mako uku. Auna ainihin maganin da ke cikin ruwa shi ne ke bukatar manyan na'urori, kuma ana iya aika samfur inda suke. Halittun gwajin ma ba sai an yi odarsu daga waje ba. A kankaro busasshiyar laka daga tafki a watan Maris, a zuba mata ruwa a roba, cikin 'yan kwanaki za su ƙyanƙyashe. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi a cikin garin Gumel, ga Jami'ar Bayero a Kano. Ƙa'idar da aka rubuta don ruwa mai digiri 20 ba za ta gaya mana duk abin da ke faruwa a kududdufin Sule Tankarkar da tsakar rana ba, inda ruwa ke wuce digiri 30. Ya kamata malaman waɗannan makarantu su ba ɗalibai wannan aiki, da magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu, da halittun tafkunanmu, da zafin garinmu, sannan a miƙa sakamakon ga NAFDAC da hukumar gona ta JARDA, a fassara shi da Hausa.

Kafin nan akwai abin da ba sai an jira jami'a ba. Malamanmu sun karantar da mu hanin yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. In an hana wannan, ina ga guba? Ina roƙon limamai su ɗauki zancen a huɗubobin farkon damina. Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da sarakunan noma da arɗaɗɗa, su zauna su ware tafkunan sha, a hana haɗa magani ko wankin famfo a bakinsu. Malaman gona na JARDA su haɗa da dillalan magani, domin a bakin dillali manomi ke jin yadda ake amfani da shi.

Kai kuma ɗan'uwa mai feshi, ɗebi ruwanka da bokiti mai tsabta, ka tafi da shi cikin gona ka haɗa maganinka a can. Kwalbar da ta ƙare ka ɗauraye ta sau uku, ka juye ɗaurayar cikin famfo, ka huda ta don kada yaro ya ɗauka ya zuba ruwan sha. Ruwan wankin famfo ka fesa shi a gonar da ka yi wa aiki, nesa da tafki da rijiya. In ka ga hadari ya haɗu, ka bar feshin sai gobe, don kada ruwa ya wanke kuɗinka ya kai su kududdufi.